Tanon Manomin Allo

Shekara talatin da ɗaya Yahuza ya yi yana koya wa manoman Damargu noma, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa shuka ko ƙwayar hatsi ɗaya ba. Ba laifinsa ba ne. An ɗauke shi mushen gona, wato malamin gona, an ba shi moto, wato babur, da allo da akwatin alli, aka manta ba a ba shi gona ba. Ya yi Falanko, ya yi Belbeji, ya yi Tanut sau biyu. Duk inda ya sauka sai ya tara mutane a gindin itace ya zana musu ramin taki a kan allo: ga kara a ƙasa, ga kashin dabbobi a bisa, ga toka, ga ruwa. Manoma su gyaɗa kai su ce, "Madalla, Mushe," su shanye shayin da aka dafa don taron, kowa ya kama gabansa. Rami ɗaya tak aka taɓa haƙawa saboda maganarsa, shi ma don ana jiran baƙi daga Yamai. Da baƙin suka tafi jakin wani ya faɗa ciki, aka cike shi.

Da ya ajiye aiki ya komo garinsu Gangara, ya tarar sunan da aka raɗa masa ya riga shi isowa: Manomin Allo. Gonar mahaifinsa kuwa ƙannensa sun daɗe da raba ta, bisa hujjar cewa mai noma da alli ba ya bukatar ƙasa. Abin da ya rage masa bayan gida ne, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, rairayi zalla, wanda ko ƙarangiya sai ta yi dogon tunani kafin ta fito.

Wata rana bayan kaka, a majalisar ƙofar Maigari, ana kukan yadda ƙasa ta gaji, sai Yahuza ya gyara murya zai yi bayani. Tsohon hali ne, ba ya iya riƙe shi. Bai ma kai wurin toka ba, wani dattijo da ake kira Salisu ya tare shi cikin ladabi.

"Mushe, wannan takin naka da ake ta magana, ka taɓa ganinsa da idonka, ko kai ma labari aka ba ka?"

Aka yi dariya, irin wadda dattawa ke yi da kafaɗa ba da baki ba. Yahuza ya ji ta har cikin ƙashinsa.

"Baɗi kafin girbi ku zo bayan gidana," in ji shi. "In ba ku tarar da kuɓewa ta wuce kan mutum ba, kada in ƙara buɗe baki a kan noma a garin nan."

Maigari ya ce jama'a sun shaida. Daga yadda ya faɗa, ana gane rabi na biyu na alkawarin ne ya fi kwanta masa.

Rami ba zai yiwu a rairayin nan ba, gefensa zai rufta, kuma duk ruwan da aka zuba ƙasa za ta shanye. Saboda haka Yahuza ya nemi tano, wato duro. Akwai wani tsohon tanon ƙarfe a bayan famfo, wanda ya daɗe da yoyo har mata suka mai da shi wurin zama in suna jiran layi. Ya roƙa, aka bar masa kyauta, ana mamakin abin da zai yi da shi. Ya garo shi gida, ya samo babbar ƙusa da guduma, ya yini yana huda shi layi-layi, tsakanin huji da huji yatsa huɗu, har gindinsa bai bari ba.

Matarsa Fatu ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Malam, mutane suna neman mai liƙe musu tano, kai kana hudawa."

"Iska yake so."

"To, Allah ya ba shi lafiya."

Ya ɗora shi a kan duwatsu uku kamar murhu, a inuwar bedi, itacen dogon-yaron da ke kusurwar gida. Ya daddatse karan hatsi gajeru-gajeru ya shimfiɗa a ƙasa. A kansa ya zuba kashin awakin Fatu guda biyu, waɗanda daga ran nan suka zama ma'aikata ba tare da an yi shawara da su ba. Sai ɓawon gyaɗa, sai ɓawon albasa, sai ganyen shayin da aka gama da shi, sai toka tafi ɗaya. Ya sake kara, ya sake kashi, har tano ya cika. Ya rufe da murfinsa ya ɗaure da waya.

Saura ruwa, kuma a Gangara da rani ba a yi wa ruwa wasa. Mutumin da zai tsaya layi da bido, jarkar ɗiban ruwa, don ya shayar da juji, gara ya tashi daga garin tun da girmansa. Sai Yahuza ya sa kwano a ƙarƙashin ƙafafunsa in zai yi alwala, sau biyar a yini, ya lallaɓa Fatu ita ma ta riƙa yin haka. Ruwan ɗaurayar kwanuka ma, in babu sabulu a ciki, nan yake ƙarewa. Ya soka doguwar sanda a tsakiya. Ran kwana na huɗu ya zaro ta ya ji ta da zafi kamar an ciro daga tukunya. Shekara talatin da ɗaya yana gaya wa mutane sandar za ta yi zafi. Ran nan ya tsaya shi kaɗai a gindin bedi, riƙe da ita, yana mamakin ashe da gaske ne.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa. Kowane mako sai an kwantar da tanon an gara shi daga wannan bango zuwa wancan, don na ƙasa ya hau sama, iska ta ratsa. Cikakken tano kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, balle mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar moto. A duk Gangara mutum ɗaya ne zai iya roƙo ba tare da ya ji kunya ba, don tsakaninsu ba a taɓa sanin kunya ba: Ila.

Ila ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa. Yahuza ɗan namiji, Ila ɗan mace, saboda haka bisa al'ada Ila bawa ne, Yahuza ubangida. Tun suna rarrafe ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In sun haɗu zagi ne sallama, zagi ne amsa, kuma a shekara sittin babu wanda ya taɓa kwana da haushin ɗaya. Lokacin da Yahuza ya kwanta ciwo a Damagaram, Ila ne ya bar gonarsa tsakiyar damina ya zauna a gefen gadonsa kwana tara, yana gaya masa ko mutuwa ma ba ta son ragwaye. Shi Ila manomi ne na gaske, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, gonarsa tana bakin hanyar Tanut.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai a ji muryarsa tun daga zaure.

"Ina Manomin Allo? Ina wanda ya tafi lakwal karatun boko don ya koyo tara kashin akuya?"

"Shigo, bawan banza. Cire rigar, aron ta ka yi na sani."

Su kwantar da tano, su dafa, su gara. Ila yana nishi yana cewa da uwar Yahuza ta san haka zai ƙare da ta sauke shi daga baya ta tafi. Yahuza yana haki yana cewa a tura, ba hira aka kira shi ba. Fatu ta kawo musu fura, Ila ya ce mata, "Matata, yaushe za ki bar wannan tsohon ki dawo gidan da ake noma?" Ta ce ranar da ya yi wanka.

Bayan wata uku suka kwance waya suka juye. Abin da ya fito baƙi ne, mai sanyi, mai laushi, ba a gane kara ba a gane kashi, ƙamshinsa kamar na ƙasa in ruwan fari ya sauka. Ila ya tsuguna. Ya ɗebi tafi ɗaya ya murza, ya kai hanci, ya sake murzawa.

"Rami guda, nawa ake zubawa?"

Wannan ce tambaya ta farko da wani manomi ya taɓa yi wa Yahuza ba don ba'a ba. Ya zauna a kan dutse ya amsa ta kusan awa guda: tafi biyu a rami, a cuɗa da ƙasa, a sa iri a gefe ba a tsakiya ba, a rufe kada rana ta dafa shi. Ila yana saurare. Da Yahuza mai lura ne, da ya lura cewa a cikin awar nan ba a zage shi ko sau ɗaya ba.

Suka sake cika tano, suka sake garawa. Kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, sun juye sau uku, buhu biyar suna jere a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma. Yahuza ya ja layuka a bayan gida da igiya, ya kafa tsinke a inda kowace kuɓewa za ta tsaya. Wani lokaci Fatu kan same shi tsaye yana ɗaga hannu sama da kansa, yana gwada tsawon abin da bai ko shuka ba.

Ruwan shuka ya sauka a farkon watan cika-ciki. Kashegari Ila ya leƙo.

"Kai, da wane iri za ka shuka? In ka sa irin kuɓewar garin nan a wannan takin, ka yi wa jaki kwalliya. Jibi kasuwar Tanut. Ka je ka zaɓo na kirki da idonka, in idon na gani."

Shawara ce mai kyau. Yahuza bai duba cewa jibin ne goma ga wata ba.

A ranar goma ga watan nan, ɗan mace kan ɗauki tsintsiya ya je gidan ɗan namiji, ya ɗan ja ta a ƙofa sau biyu ko uku don a ce bawa ya yi aiki, a sallame shi da abin da ya sawwaƙa. In ba a sallame shi ba, ya ɗauki abin da idonsa ya faɗa a kai. Ba a hanawa, ba a bin sawu, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi da taubashinsa a ranar nan, har jikokinsa sai an ba su labari. A shekarun baya Ila ya ɗauki hula, ya ɗauki zakara, ya taɓa ɗaukar rediyo ya maido don ba ta da batir.

Yahuza ya dawo daga Tanut bayan la'asar, da iri ƙulli uku a aljihu. Tun daga zaure ya ga gidan ya canza. An share shi fes, irin sharar da ba a yi masa ko ranar sallah. An kakkaɓe gindin bedi. Tano yana kife, an kwankwashe shi har abin da ya maƙale a huji. Ƙarƙashin rumfa babu komai sai tabarma a naɗe, da tsintsiya a jingine.

Fatu tana zaune a bakin murhu, ba ta ɗago ba.

"Da amalanke ya zo, tun hantsi. Na ce masa, Ila, ka ɗauki akuya. Wallahi na ce ya ɗauki akuyar, mai cikin. Ya ce shi bawa ne, abin da ya share shi zai kwashe."

"Kika bar shi."

"In riƙe masa riga, Malam? Yau?"

Bai ko sha ruwa ba ya fita. Ya sami Ila a kusurwar gonarsa ta bakin hanya, shi kaɗai, buhuna huɗu sun riga sun kwanta babu komai. Yana tafe a sunkuye daga rami zuwa rami: tafi biyu, ya cuɗa, iri a gefe, ya rufe da diddige. Ko a kan allo Yahuza bai taɓa ganin an yi shi daidai haka ba.

"Ga ubangidana!" in ji Ila. "Ka ga yadda na gyara maka gida? Juji har buhu biyar a gidan babban mutum, abin kunya."

"Ila, wata tara."

"Na sani. Da bayana aka gara su."

"Da ka roƙa da na ba ka."

"Da ka ba ni rabin buhu da bayanin awa biyu." Ila ya miƙe, ya dafa ƙugu. Murmushin ya ragu. "Dubi ƙasar nan. Bara dami goma sha ɗaya ta ba ni, baki tara a gidana. Makiyaya sun daina kwana a gona, kashin ma yanzu mata ke tsincewa su hura wuta. Kai kana son a ce ka yi gaskiya. Ni tuwo nake so. Kuɓewarka za ta ciyar da wa?"

Yahuza ya tsaya yana kallon baƙin taki a tafin Ila. Maganar ta yi zafi, amma ba ƙarya ba ce. Kuma yana cikin kallon sai wani tunani ya zo masa. Bayan gidansa wa ke gani? Amma nan bakin hanya ne. Duk mai zuwa Tanut, duk mai dawowa, sai ya wuce ta nan.

"Na bar maka," in ji shi. "Abu ɗaya nake so. Ranar da ya yi kyau, aka tambaye ka, ka faɗi inda ya fito. A gaban mutane."

"Shi ke nan? Zan faɗa, a gaban Maigari ma. Matsa, kana tare mini rana, ƙaton banza."

Yahuza ya koma gida ya shuka irin Tanut a rairayi tsura, don kada a ce bai shuka ba. Ya fito, ya yi ganye huɗu, ya tsaya nan yana rawaya kamar mai shawara. Bai damu sosai ba. Hankalinsa yana bakin hanya.

A can kuwa abin ya wuce yadda ya zana. Kafin a gama noman fari, kusurwar gonar Ila ta yi duhu, sauran gonakin suna fari-fari. Da hatsi ya fara ciki, mai tafiya a kan jaki ba ya hango abin da ke bayanta. Zangarniya ta fito tsawon hannu, cike har baki. Masu mota suna rage gudu. Mutane suka fara tsayawa suna tambaya, Ila yana cewa, "Allah ne." Yahuza ya ji, ya ce ba laifi, ai Allah ne, ranar faɗar sauran ba ta zo ba. Daga baya ya ji wata mata ta kawo irin wakenta a ƙwarya don Ila ya sa masa hannu. Ya ji wani baƙo daga wajen Tenhiya ya kira shi sarkin noma, kuma Ila bai ce a'a ba. Ya ga Ila ya sayi sabuwar hula.

Ranar alkawari Salisu ne ya tuna wa majalisa, don shi ba ya manta irin wannan. Maigari ya tashi, dattawa bakwai suka bi shi zuwa bayan gidan Yahuza. Suka tsaya a kan kuɓewar. Mafi tsawo a ciki ba ta kai gwiwa ba.

"Kan wane mutum ka ce za ta wuce, Mushe?" in ji Salisu. "In a kwance yake, to ta wuce."

"Ranka ya daɗe," Yahuza ya ce wa Maigari, "takina ba a nan yake ba. Ku biyo ni ku ga aikinsa."

Ya wuce gaba, suka bi shi har bakin hanya. Ila yana can yana korar tsuntsaye, da sabuwar hularsa. Yahuza ya tsaya a gindin hatsin da ya fi shi tsawo, ya faɗi komai dalla-dalla: tano, huji, ruwan alwala, buhu biyar, ranar goma ga wata. Da ya gama ya juya.

"Ila, faɗa musu."

Ila ya dubi dattawan. Ya dubi hatsin. Yahuza kaɗai bai duba ba. Sai ya cire hula, ya zube ƙasa a gaban taubashinsa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ƙwarai kuwa! Na sata, jama'a, ku shaida! Buhu biyar! Ubangidana ne ya koya mini noma, da ban san inda ake riƙe hauya ba. Shi ya koya wa mahaifina ma. Ruwan saman bana, ku tambaye shi, a allo ya zana shi ya sauko!"

Dariya ta ɓarke. Wannan karon da baki aka yi ta. Wani dattijo har ya dafa ɗan'uwansa don kada ya faɗi. Kowa a Gangara ya san abin da taubashi ya faɗa a kan taubashinsa ba magana ba ce, kuma an daɗe ba a ga wasa mai daɗin wannan ba: ɗaya ya zo da fuska a murtuke yana da'awar hatsin wani, ɗayan ya durƙusa yana amsa laifi.

"Ba wasa nake ba," in ji Yahuza.

Aka ƙara fashewa.

"Wallahi ba wasa nake ba!"

"A'a, Mushe," in ji Maigari yana share hawaye da bakin rawani, "wasa ba ya kai rantsuwa."

"To ku duba da idonku. Me ya sa nan kaɗai ya yi? Ku ƙirga taku talatin, ku ga sauran gonar. In hannunsa ne, me ya sa albarkar ta tsaya a nan?"

Dattawan suka duba. Gaskiya ne, bayan taku talatin hatsin Ila kamar na kowa yake. A daidai nan kalma ɗaya daga bakin Ila, a faɗe ta a miƙe ba a durƙushe ba, da ta isa. Yahuza ya dube shi. Ila yana kakkaɓe ƙasa daga hularsa.

"Ai daga nan ya fara," in ji Salisu. "Hannun bai gaji ba tukuna. Kakansa ma haka yake."

Kowa ya gamsu. A kan hanyar komawa Maigari ya dafa kafaɗar Yahuza ya ce kada ya sa abin a ransa, kowa da baiwarsa, shi tasa ta magana ce. Sannan ya tuna cewa maganar ma an yi alkawari a kanta, ya yi shiru.

Yahuza ya cika alkawarinsa. Yana zuwa majalisa, in an shiga zancen gona sai ya ciro carbi.

Juma'ar farko bayan an gama girbi, ana saukowa daga masallaci, aka ji murya tun daga waje.

"Ina Manomin Allo? Fito ka ga yadda hatsi yake, kada ka mutu ba ka gani ba!"

Ila ne, da jaki, da dami biyu na zangarniyar bakin hanya, zaɓaɓɓu. Yahuza ya fito zaure da rigarsa ta masallaci. Ya ɗauko tabarmar baƙi, wadda ake shimfiɗa wa surukai, ya shimfiɗa. Ya koma ciki ya kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, ya ajiye da hannu biyu.

"Malam Iliyasu, barkanku da zuwa. Bismillah, ku zauna. Ina gajiya?"

Ila ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake.

"Kai, wa ya mutu?"

"Babu kowa, alhamdu lillahi. Ina iyali? Ina yaran? An gama aikin gona lafiya?"

"Lafiya... Kai, tsohon banza, me ke damunka? Ga hatsi na kawo maka, rago. Wanda ba ka noma ba."

"Kai, har da wahala haka? Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara albarka a hannu."

Ila ya zauna a bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. Bai taɓa ruwan ba.

"Yahuza, ai na faɗa. Ka ce in faɗa a gaban mutane, na faɗa. Akwai kalma ɗaya ta ƙarya a abin da na ce game da buhunan?"

"Babu. Kun faɗa. Mun gode."

"Bar wannan 'kun' ɗin! Ni kaɗai ne a nan." Ya sassauta murya. "Ka san yadda mutane suke. Shekara arba'in ina noma, in tashi in ce... Kai ma ka sani. Zage ni mana. Ka ce ɓarawo. Ai ɓarawon ne."

"Subhanallahi. Ni in zagi baƙona?"

Suka zauna. Jaki ya miƙa wuya yana neman zangarniya, babu wanda ya tsawata masa. Daga cikin gida ana jin Fatu ta daina daka.

Can Ila ya tashi, ya fara naɗe hannun riga.

"Yau Juma'a. Na ji an ce ka sake cika tanon. Mu je mu gara."

"Kada ku ɓata rigarku. Rabi nake zubawa yanzu. Mutum ɗaya yana iya gara shi."

Ya taya shi sauke damman, ya sake godiya. Sannan ya yi masa rakiya, abin da bai taɓa yi ba a shekara sittin, har kwanar masallaci, inda ake rabuwa da baƙin da ake girmamawa. Ya ba shi hannu biyu, ya ce a gaida gida. Ila ya ja jakinsa. Sau biyu yana waigowa, kamar mai jiran a jefo masa wani abu da ya manta.

Da Yahuza ya komo, Fatu tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida.

"Malam, da ka mare shi da ya fi."

"Na sani," in ji shi.

Ya tuɓe rigar masallaci ya rataye a reshen bedi. Ya kwantar da tano, ya dafa da hannu biyu, ya tura. Ba shi da nauyi yanzu. Ya kai shi bango, ya zagaya, ya dawo da shi, babu mai cewa komai sai abin da ke ciki yana kwaranniya.